Tozo a sama, saiwa a ƙasa: wahalar awon kunyoyin ƙanƙarar Tekun Aktik

Ranar 4 ga watan Oktoban 2019, jirgin ruwan bincike na ƙasar Jamus mai suna Polarstern ya ɗaure igiyoyinsa jikin wani makeken falalen ƙanƙara a Tekun Aktik, can arewa da Saiberiya. Ya tsayar da farfela, ya bar ruwa ya daskare ya kewaye shi. Da gangan aka yi haka. Nufin masanan da ke ciki shi ne su zauna kan falalen nan, duk inda iska da igiyar ruwa suka tura shi su bi shi, su ga abin da ke samun ƙanƙara tun daga farkon sanyi har narkewarta. Aikin, wanda aka raɗa wa suna MOSAiC, ya haɗa cibiyoyin bincike na ƙasashe 20 ƙarƙashin jagorancin cibiyar Alfred Wegener ta Jamus, ya kuma ci wajen Yuro miliyan 140, wato sama da miliyar 90 na kuɗin CFA.

Sun kafa ɗan ƙauye a kan ƙanƙarar, da rumfuna da turakun na'urori da wayoyin lantarki da aka jawo daga jirgi. Ba a cika wata biyu ba, a tsakiyar Nuwamba, guguwa ta taso. Lokacin rana ta riga ta yi faɗuwar da ba za ta sake fitowa ba sai bayan watanni. Falalen ya tsage. Wani ɓangare ya ja gefe da duk kayan da ke kansa. A wani wurin kuma tsagar ta buɗe ta sake rufewa da ƙarfi, gefe biyu suka haɗu suka niƙe juna, ɓaraguzai suka hau kan ɓaraguzai. Wurin da jiya fili ne a shimfiɗe, yau ga dogon tudu ya tsaya, ya danne wayar lantarki a ƙarƙashinsa. Haka aka yi ta fama har ƙarshen hunturu.

Hausa ba ta da suna ga irin wannan tudu, tunda ba mu da shi. Abin da ya fi kusa shi ne kunya, irin ta gona, dogon tudu da ya miƙe da fili dama da hagu. Da wannan sunan za mu kira shi a nan. Kuma abin da ya zame wa ma'aikatan MOSAiC ɓarna a daren nan, shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da suka je nema, domin a duk sassan ƙanƙarar Tekun Aktik babu wanda aka fi jahilta kamar kunya.

Abin da ido ke gani ƙarami ne

Duk wanda ya taɓa jefa guntun ƙanƙara cikin bokitin ruwa da azumi ya san kaɗan ne ke leƙowa sama. Haka take a teku: wajen kashi 9 cikin 10 na ƙanƙara yana ƙarƙashin ruwa. Ƙanƙarar teku ruwan tekun ne da kansa ya daskare, kuma idan ba abin da ya dame ta, a hunturu ɗaya takan kai kaurin mita ɗaya da rabi zuwa mita 2. Daga nan girmanta sai ya yi sanyi, saboda ita kanta ta zama bargo tsakanin ruwa da sanyin iska. Ƙanƙarar da ta kai mita 10 ko 20 ba daskarewa ce ta kai ta nan ba, karo ne. Iska ke tura falale ya bugi falale, wanda ya fi rauni ya karye, gutattsarin su taru sama da ƙasa.

Kunya tana da sassa uku. Akwai abin da ya fito saman ruwa, mu ce tozo. Akwai abin da ya nutse, mu ce saiwa. A tsakaninsu, daidai bakin ruwa, akwai ƙugu, inda gutattsarin suka sake daskarewa suka zama dunƙule ɗaya mai tauri. A kunyar da ba ta shekara ba, saiwa takan ninka tozo sau 4 zuwa 5 a tsawo, ta kuma fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Ke nan tozon da ya kai tsayin mutum yana iya ɓoye saiwar da ta yi zurfin mita 8. Manyan da aka taɓa aunawa sun kai mita 12 a sama, saiwa kuma ta kai mita 45 a ƙasa, zurfin da ya wuce na rijiyoyi da yawa a karkararmu.

Saiwa ba dunƙule ba ce. Tarin gutattsari ne kamar an zube tubala daga bayan mota, da kogo-kogo a tsakani cike da ruwan teku. A sabuwar kunya, kogunan nan sukan kai kusan kashi 30 cikin 100 na girmanta. Wannan magana ta kogo ita ce tushen duk wahalar da za mu ambata, don na'urori da yawa ba sa iya rarrabe inda ƙanƙara ta ƙare da inda ruwa ya fara.

Dalilin da ya sa aka damu shi ne yawa. Ƙiyasin masana ya bambanta, amma yana kewayen kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin dukan ƙanƙarar Tekun Aktik a cikin kunyoyi da wuraren da suka niƙe take. Hoton tauraron ɗan'adam na nuna faɗin wurin da fari ya rufe, kuma tun 1979 ake da wannan lissafi ba yankewa. A Satumban 2012 faɗin ya sauka zuwa murabba'in kilomita kusan miliyan 3 da dubu 400, mafi ƙanƙanta da aka gani, bai kai girman ƙasar Nijar sau uku ba. Sai dai faɗi bai gaya maka kauri ba. Ɗan kasuwar da ya san faɗin rumbu bai san zurfin hatsin da ke ciki ba, bai san dukiyarsa ba tukuna.

Barima da hannu

Hanyar da ta fi tsufa ita ce har yanzu ake gwada sauran da ita. Mutum biyu ko uku su ja igiyar awo su ratsa kunya daga wannan gefe zuwa wancan, su sa alama duk bayan mita ɗaya, biyu ko biyar. A kowace alama sai su auna zurfin dusar ƙanƙara, su kafa barima mai faɗin santimita 5 su fara hudawa. Barimar gaɓa-gaɓa ce, kowace gaɓa mita ɗaya. In ta shige sai a ɗaura wata.

A nan hannu ne na'ura. Mai hudawa yana jin lokacin da barima ke cin abu mai tauri, yana jin lokacin da ta shiga taɓo-taɓon ƙanƙara mai laushi, yana kuma jin lokacin da ta faɗa fanko ta zurma ba tare da komai ya tare ta ba. Kowane canji sai ya faɗa, abokin aikinsa ya duba zurfi ya rubuta da fensir, don tawadar biro ba ta jure wannan sanyi. Masu haƙar rijiya za su gane aikin nan da sauri, su ma da hannu suke sanin an bar yashi an shiga laka. In barima ta fita ƙasan saiwa, sai a zura igiyar awo mai ɗan ƙarfe a baki, ƙarfen ya gitta ya maƙale a ƙarƙashi, a karanta kauri. Daga ramuka 20 ko 30 ake zana hoton cikin kunya: ga ƙugu, ga gutattsari, ga kogo.

Ana kuma auna gutattsarin da ke kan tozo ɗaya bayan ɗaya, saboda kaurinsu shi ke faɗar kaurin ƙanƙarar da ta karye ranar da aka haifi kunyar. Sannan a yanko dogon gungume da wata barima mai rami a ciki, a auna zafinsa da gishirinsa yanki-yanki. Kunyar da ta ga bazara ta tsira gishirinta yakan tsiyaye, ta ƙara tauri.

Aikin yana da wuya fiye da yadda ya zo a rubuce. A hunturun MOSAiC sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifili. Barima in ta tsaya ɗan lokaci a cikin rami sai ta daskare a ciki, wani lokaci a yi asararta. Ana aiki da fitilar goshi cikin duhu, ga mai gadi riƙe da bindiga yana dube-dube saboda farin beyar, ƙaton naman dajin nan na yankin da ke iya kashe mutum. Kunya ɗaya takan cinye yini guda ko fiye. Kuma akwai wani aibi da masu aikin da kansu suke faɗa: abin da wannan ya kira laushi, wancan yana iya kiransa tauri. Masanan Rasha na cibiyar binciken Aktik da Antaktik da ke Sen Fitasbag sun daɗe suna rage wannan matsala da barima mai zafi, wadda ke narka hanyarta, na'ura kuma tana rubuta saurin nutsewarta. In ta yi sauri kwatsam, kogo ne. Wannan ya fi adalci, amma shi ma rami ne mai faɗin ƴan yatsu a cikin teku mai faɗin miliyoyin murabba'in kilomita.

Sojoji ne suka fara gani daga ƙasa

Tunda mafi yawan kunya a ƙasa take, wanda ya fi kowa ganinta shi ne mai tafiya ƙarƙashinta. Ranar 3 ga Agustan 1958 jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin teku, Nautilus, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙuryar arewa ta duniya. A bayansa akwai na'urorin amsa-kuwwa masu kallon sama: su aika ƙara, ta bugi ƙasan ƙanƙara ta dawo, daga lokacin da ta ɗauka a san nisa. Ba don kimiyya aka sa su ba. Matuƙi ne ba ya son ya yi karo da saiwa, yana kuma son sanin inda ƙanƙara ta yi siriri don ya iya ɓullowa.

Shekaru da dama bayanan nan suna kulle a matsayin sirrin soja, na zamanin yaƙin cacar baka. Sai a shekarun 1990 aka fara sakin wani ɓangare, kuma Al Gore na cikin ƴan siyasar Amurka da suka matsa a yi hakan. Da aka kwatanta tsofaffin tafiye-tafiye da sababbi, binciken da Drew Rothrock da abokan aikinsa suka fitar a 1999 ya girgiza mutane. Matsakaicin zurfin ƙanƙara a ƙarƙashin ruwa, wanda yake mita 3 da santimita 10 tsakanin 1958 da 1976, ya koma mita ɗaya da santimita 80 a shekarun 1990. Ƴan Ingila ma sun yi nasu. Masanin nan Peter Wadhams ya sha shiga jiragen sojan ruwansu don wannan awo, kuma yana cikin HMS Tireless a watan Maris na 2007 lokacin da wata na'urar samar da iskar numfashi ta fashe a ƙarƙashin ƙanƙara ta kashe matasan sojoji biyu.

Matsalar jirgin soja ita ce yana zuwa inda shugabanninsa suka ga dama, lokacin da suka ga dama. Don haka masana suka juya dabarar: maimakon na'ura ta bi ƙanƙara, a kafa na'ura wuri ɗaya ƙanƙara ta zo ta wuce ta kanta. A mashigin Fram, tsakanin Girinlan da tsibiran Svalbard, nan ce babbar ƙofar da ƙanƙarar Aktik ke fita zuwa Tekun Atlantika. Tun 1990 cibiyar binciken yankunan sanyi ta ƙasar Norwe take da na'urorin amsa-kuwwa ɗaure da anga a ƙasan teku a wurin, suna ƙirga duk saiwar da ta gitta, dare da rana. Daga wannan dogon lissafi ne wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2023 ya nuna cewa canjin bai zo a hankali ba. A kewayen 2007 aka yi tsalle ɗaya: kason ƙanƙara mai kauri da ta sha karo ya ragu da rabi, bai kuma dawo ba har yau.

Daga sama kuma

Daga sama dabara biyu ake amfani da su, kowace da makantarta.

Ta farko ta dogara kan cewa ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai, ƙanƙara kuwa kusan ba ta ɗauka. Masanan Jamus suna da wata na'ura mai siffar doguwar roka, wadda jirgi mai saukar ungulu ko ƙaramin jirgin sama ke ja da igiya, tana shawagi wajen mita 15 bisa ƙanƙara. Tana aika maganaɗisun lantarki ƙasa, ruwan teku ya amsa, daga ƙarfin amsar a san nisan ruwa. Hasken leza kuma ya auna nisan saman dusar ƙanƙara. A cire wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne kauri. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙanƙara kuskurenta bai wuce santimita 10 ba. Amma da ta zo kan kunya sai ta ruɗe, saboda kogunan cikin saiwa cike suke da ruwan gishiri, na'urar sai ta ɗauka ta riga ta iso teku. Ga shi kuma tana haɗa fili mai faɗi ta ba da matsakaici. Sakamakon haka tana iya rage zurfin saiwa har da rabi.

Ta biyu ita ce ta taurarin ɗan'adam. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba CryoSat-2 a watan Afrilun 2010, bayan na farko ya faɗi tun wajen harbawa a 2005. Hukumar NASA ta Amurka kuma ta harba ICESat-2 a Satumban 2018, mai harba hasken leza kore sau 10,000 a daƙiƙa ɗaya, wato awo ɗaya duk bayan santimita 70 a doron ƙasa. Duka biyun ba sa ganin ƙasan ruwa. Abin da suke aunawa shi ne ɗan abin da ya leƙo sama, a kwatanta shi da tsayin ruwan da ke cikin tsagogi, sannan a yi lissafin sauran. To tunda kashi ɗaya cikin goma ne a sama, kuskuren santimita ɗaya a awo yakan zama wajen santimita 10 a amsa. Dusar ƙanƙara kuma tana danne falale da nauyinta, in ba a san yawanta ba lissafi ya karkace. Shekara da shekaru ana cike wannan giɓi da tsofaffin alkaluman da tashoshin Tarayyar Sobiyet masu yawo kan ƙanƙara suka tara daga 1954 zuwa 1991, alkaluman wani teku da yanzu babu irinsa. Dusar kuwa ba ko'ina take taruwa daidai ba, a gindin kunyoyi iska ke jibge ta, kamar yadda rairayi ke taruwa bayan katanga.

ICESat-2 yana iya ganin tozo ɗaya-ɗaya. Amma sanin tozo ba sanin saiwa ba ne. Ninkin nan na 4 zuwa 5 matsakaici ne na kunyoyi da yawa. A kunya guda, wuri mafi zurfi na saiwa ba lallai ya kasance daidai ƙarƙashin ƙololuwar tozo ba.

A ganina nan ne labarin yake. Kowace na'ura mai tsada tana komawa wurin mutumin nan mai barima ta tambaye shi ko ta faɗi daidai.

Kunyar da aka yi wa suna

Ma'aikatan MOSAiC sun raɗa wa kunyoyin da suke bibiya sunaye, kamar unguwanni. Wadda aka fi sani ita ce Jaridge, da aka yi aiki a kanta a watannin Yuni da Yulin 2020, lokacin narkewa. Sun huda ta, sun dasa mata igiyoyin awon zafi masu ido duk bayan santimita 2, sannan suka riƙa tura wani ɗan jirgin nutso marar matuƙi ta cikin rami a ƙanƙara, yana ɗauke da amsa-kuwwa mai harsuna da yawa, yana zana taswirar ƙasanta. Sun maimaita zanen sau da dama cikin wata ɗaya. Irin wannan maimaici a kan kunya ɗaya abu ne da ba a cika samu ba.

Saiwarta a matsakaici ta kai zurfin mita 4 da santimita 60, faɗinta mita 42. A cikin watan nan shimfiɗaɗɗiyar ƙanƙara ƴar shekara ɗaya ta yi asarar santimita 46, kunyar kuwa santimita 95. Daga sama narkewarsu kusan ɗaya ce. Bambancin daga ƙasa yake: gindin saiwa ya narke kusan sau 4 fiye da gindin shimfiɗaɗɗiyar. Saiwa tana tsaye ne a hanyar igiyar ruwa, ruwa mai ɗan ɗumi yana gogarta yana zagaye ta. Wanda ya auna narkewa a fili kawai, ya bar kunya don wuyar hawa, lissafinsa zai gaza.

Wani abin mamaki kuma, kogunan cikinta a lokacin sun ragu zuwa kashi 4 cikin 100 kacal. A tsakiyar bazara, lokacin da komai ke narkewa, cikin kunya yana ƙara daskarewa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ruwan dusar da ta narke ba shi da gishiri, yana daskarewa a digiri sifili, ruwan teku kuwa sai ya sauka kusan digiri 2 ƙasa da sifili. In ruwan daɗin nan ya tsiyaya cikin kogon da ke kewaye da ƙanƙara mai sanyin ruwan teku, sai ya daskare ya toshe shi. Ke nan kunya tana raguwa daga waje tana ƙara tauri daga ciki.

A ƙarshen Yuli, bayan wajen kwana 300 da ɗaure jirgi a jikinsa, falalen ya iso mashigin Fram ya farfashe. Ma'aikatan sun riga sun kwashe kayansu.

Teku yana yin sumul

A farkon 2025 Thomas Krumpen da abokan aikinsa na cibiyar Alfred Wegener suka fitar da sakamakon awon tozo da jiragen sama suka yi da leza cikin shekaru 30, a kan tafiya ta kusan kilomita 76,000. A arewacin Girinlan da mashigin Fram, yawan kunyoyi yana raguwa da wajen kashi 12 cikin 100 duk shekara goma, tsayinsu kuma da kashi 5. A Tekun Linkon, inda tsohuwar ƙanƙara ta saba taruwa, raguwar ta fi haka: kusan kashi 15 a yawa, kashi 10 a tsayi.

Da farko abin kamar ya saɓa wa hankali. Ƙanƙara ta yi siriri, ta fi saurin karyewa, ta fi saurin tafiya, ai kamata ya yi karo ya ƙaru. Karon ya ƙaru kuwa. Abin da ya ɓace shi ne tsufa. Falalen da ya shekara biyar yana ɗauke da tabon karon shekara biyar. A tsakiyar shekarun 1980 ƙanƙarar da ta haura shekara 4 ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke tekun a ƙarshen hunturu, yanzu ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Yawancin falalen yau ba sa daɗewa har su tara kunyoyi.

Wata gyara a nan, don ana yawan yaɗa kuskuren a Facebook da TikTok: narkewar ƙanƙarar da ke yawo kan teku kusan ba ta ƙara tsayin teku, tunda dama a cikin ruwan take. Mai ƙara tsayin teku ita ce ta kan tudu, irin ta Girinlan. Illar wannan daban ce. Farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, baƙin ruwa yana shanye shi, shi ya sa tun 1979 yankin Aktik ke ɗumama kusan sau 4 fiye da matsakaicin duniya.

Kunya ce kuma ke ba iska abin kamawa. Tozo kamar filafilan jirgi yake, saiwa kamar birki. Duk manhajar kwamfuta da ke hasashen yanayin duniya dole ta sa wani adadi na wannan tirjiya, kuma adadin daga awon da muka lissafa yake fitowa. Irin waɗannan manhajoji na manyan cibiyoyin duniya suna cikin abin da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai ke dubawa in za a fitar da hasashen damina. Dangantakarmu da lamarin ke nan, ba ta kusa ba ce, amma akwai ta.

Waɗanda abin ya shafa kai tsaye suna can. Injiniyan da ke ƙera jirgin fasa ƙanƙara don hanyar arewacin Rasha, kaurin ƙugu yake son sani, saboda shi ke tsayar da jirgi. Mai shimfiɗa bututun mai a gaɓar Alaska yana son sanin zurfin saiwa, don a ruwa marar zurfi saiwa takan taɓa ƙasa ta yi ta jan kanta tana tsaga ƙasan teku kamar garma, dole a binne bututu ƙasa da inda take kaiwa. A cikin tarin dusar da ke gindin tozo ne dabbar ruwan nan da ake kira sil ke haƙa ɗakin haihuwa, nan kuma farin beyar ke farautarta. Kogunan saiwa kuwa maɓoya ce ta ƙananan kifaye da tsiron ruwa.

A garin Utqiaġvik, a ƙarshen arewacin Alaska, al'ummar Iñupiat suna fita farautar babbar dabbar teku, wel, duk bazara. Sukan sare hanya da gatari da diga ta tsakiyar kunyoyi, tafiyar kilomitoci a kan ƙanƙarar da ke manne da gaɓa, har bakin buɗaɗɗen ruwa, su kafa sansani. Abin da ke riƙe wannan ƙanƙara kada ta tafi shi ne kunyoyin da saiwarsu ta kafe a ƙasan teku, su ne turakunta. In turakun sun yi kaɗan, iska ko igiyar ruwa na iya ɓalle filin gaba ɗaya da mutanen da ke kansa. Ya faru a watan Mayun 1997, lokacin da jirage masu saukar ungulu suka kwaso mafarauta sama da 140 daga ƙanƙarar da ta ɓalle ta kama hanyar teku.

Tun wajen 2007 masu bincike na jami'ar Alaska da ke Fairbanks suke bin hanyoyin mafarautan da babur ɗin kan dusa, suna jan ƙaramar na'urar maganaɗisun lantarki a kan abin ja, suna auna kauri. Daga nan su buga taswira mai launi su raba wa shugabannin ayarin farauta kafin lokaci ya yi nisa. Taswirar tana nuna inda hanya ta bi ta kan siririyar ƙanƙara, wannan kuwa na'urar ta iya shi sosai. Maganar ko wata kunya ta kafe a ƙasa ko tana lilo ne kawai, a nan masu binciken sukan haɗa awonsu da zurfin teku a wurin, su kuma tambayi dattawan da suka ga lokacin da kunyar ta tashi da irin iskar da ta tayar da ita.